Ƙarar Krupuk a Gidan Mak Tumirah

A garinmu, idan rana ta take tsaka a lokacin rani, ba ka ganin ƙasa. Duk filin da ke tsakanin gidaje da tafkunan jatan lande asabarin gora ne a shimfiɗe, kowanne an jera masa ɗanyen krupuk, 'yan faya-fayai sirara, suna shan rana. Iska ta taso daga teku ta bi ta kansu, unguwa ta ɗauki ƙamshin jatan lande da tafarnuwa. In ka daɗe kana kallo, zafi zai sa su yi ta rawa a idonka, ka rasa ko su ke motsi ko kai ne barci ke ɗiba. A cikin wannan ƙyallin na girma, a cikinsa kuma na kusa kashe mahaifiyata da kulawa.

Mak Tumirah, mahaifiyata, ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana yin krupuk na jatan lande. Ta daka jatan landen da tafarnuwa, ta kwaɓa da sitacin rogo da gishiri da ɗan sukari, ta mulmula dogo-dogo kamar taɓarya, ta naɗe a ganyen ayaba ta turara. Sai ya kwana biyu ya yi tauri za ta yanka shi siri-siri ta shanya. In ya bushe aka jefa a mai, kafin ka ƙifta ido ya buɗe ya ninka kansa uku. Sauran mata ɗanɗanawa suke yi su san ko ya yi. Mak kuwa sai ta ɗauki guda ta kai kunnenta na dama, ta lumshe ido, ta karya. Daga ƙarar take yanke hukunci. "Wannan ya sha rana." Ko ta ce, "Wannan an yi masa rowar jatan lande, maƙwabciya, ki ji tsoron Allah."

Abin da ta fi tsana a duniya shi ne melempem, wato krupuk da aka bari a buɗe ya sha iska ya yi laƙwas, ka ciza ya lanƙwashe ba ƙara. Mu kuwa ba krupuk kaɗai muke wa wannan suna ba. Raggon miji melempem ne, haka ɗan takarar da ya ci zaɓe ya daina gaisuwa da ƙarfi. Don gudun wannan abin kunya ne aka ajiye wani shuɗin gwangwani mai gilashi a gaba a tsakiyar teburin cin abincinmu. Tun kafin a haife ni yake nan. Murfinsa matsattse ne, sai ka sa guiwa ka danne gwangwanin kafin ya buɗu.

Ni sunana Warsiti. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tsaron kantin magani a Surabaya kafin in auri Kasno, mai aikin tafki, mu dawo gidan Mak da zama. Ban karanta likitanci ba, amma na ƙulla wa mutane magani a leda har na fara jin kaina rabin likita. A birnin ne kuma na koyi cin abinci irin na masu aji, baki a rufe. Sai in tsoma krupuk ɗina a romo ya yi laushi, in haɗiye shiru. Duk sanda Mak ta gani sai ta ɓata rai.

"Nduk," haka take kirana, 'yata ke nan, "kin kashe shi kafin ki ci. Me ya yi miki?"

Wata Talata da hantsi ta sunkuya za ta juya krupuk a kan asabari, sai ta tafi luuu ta faɗi a tsakaninsu. Ƙanwarta, Bulik Sarmi, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ita ta hango ta ta yi ihu. Kwana biyar muka yi a asibiti a Sidoarjo. Hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin hagu. Magana ta dawo, amma hannun ya zama sai an ɗaga mata, ƙafar kuma ja take yi.

Bayan an sallame mu muka je ƙaramin asibitin yankinmu, wurin wata matashiyar likita mai suna Retno. Ta auna jinin, ta dubi Mak ta saman tabarau.

"Mbah," ta ce, wato kaka, "da me kike cin shinkafa?"

"Da abin da kowa ke ci."

"Da krupuk ke nan?"

"Ke da me kike cin taki, Bu Dokter? Da takarda?"

Likitar ta yi dariya har tana riƙe tebur. Sannan ta jawo durowa ta fito da ƙullin krupuk na kanti, wanda da alama na abincin ranarta ne, ta ɗaga guda sama.

"Kin ga ni ma ban tsira ba. Amma dubi nan, Mbah. Mafi yawansa sitacin rogo ne, yana ba da ƙarfi na ɗan lokaci, ba ya gina jiki. Jatan landen da ke ciki shi ne mai amfani, to shi kuma ɗan kaɗan ne. Kin ga waɗannan ƙananan ramukan? Lokacin da ya buɗe a kasko, mai suka sha suka ƙoshi. Sai uwa uba gishiri, wanda shi da jininki ba sa ga maciji."

"Na kanti kike faɗa," in ji Mak, bakin a ɗan karkace amma muryar na nan daram. "Wannan na hannunki ko ƙamshin jatan lande bai ji ba, wucewa aka yi da shi ta bakin tafki. Nawa kilo da kilo ne. Kilon jatan lande, kilon sitaci."

"Na yarda, naki ya fi gina jiki nesa ba kusa ba. Gishirin fa?"

Mak ta dubi silin.

"A rage, Mbah. A rage sosai. Kifi dafaffe, ganye, tempe na waken soya ba soyayye ba. Ga magani kullum da safe."

Ta ce a rage. Allah shaida ne haka ta faɗa, ina zaune. Amma kafin maganar ta iso kunnena ta zama a hana. Tsoro ne ya cika ni, don ni na ga yadda aka ɗauko Mak daga cikin asabari, zaninta duk krupuk ya manne, idonta na kallona bai san ni ba. Na rantse a raina ba za a sake ba, ko da zan ɓata da duk unguwa.

Muna isa gida na rungumi shuɗin gwangwanin na kai wa Bulik Sarmi.

"Ajiye min wannan, Bulik. Kada in sake ganinsa a gidanmu."

"To fa! Kawo, likitar leda." Ta karɓa tana kallona sheƙeƙe. "Kin san abin da ya kashe kakarmu? Shekara casa'in da biyu ne suka kashe ta, da krupuk a hannunta."

"Zamaninku daban, Bulik."

"Oho dai. A yi a hankali, kada garin neman gira a rasa ido."

Ban tsaya nan ba. Na ce tunda Mak ba za ta ci ba, babu mai ci a gidan, don kada ta gani ranta ya biya. Kasno ya ajiye cokali ya dube ni kamar na ce masa gobe babu rana.

"Dik," haka yake kirana, ƙanwa ke nan, "ni ma hawan jinin gare ni?"

"Rigakafi ya fi magani, Mas," na ce, wato yaya, yadda muke kiran miji.

"Shinkafa ba krupuk fa? Ai wannan horo ne."

"Sai ka haƙura."

Ya haƙura, don mutum ne da ba ya son hayaniya. Na kuma ɗauke Mak daga ɗakinta na gaba mai kallon filin shanya, na mai da ita ƙuryar ɗaki, na rufe tagar katako don kada ƙamshin suyar Bulik ya shigo. Na hana masu dubiya daɗewa. Na koya wa kowa magana ƙasa-ƙasa da tafiya da sanɗa. Abincinta kuwa babu wanda zai kushe, farar shinkafa mai laushi, kifi turararre, romon alayyahu da ko ƙwayar gishiri sai na auna. Har alfahari nake ji idan na jera mata a faranti.

Satin farko tana cin cokali bakwai, takwas. Na biyu ya koma biyar. A na uku sai ta karɓi biyu ta juya fuska bango. Na lallaɓa, na yi fushi, na yi mata wa'azi da abin da na karanta a jikin kwalayen magani. Ba ta musu. Wannan rashin musun shi ya fi ba ni tsoro, don Mak ɗin da na sani ko da liman sai ta ja. Awarwaronta da a da sai da sabulu yake fita, yanzu in ta ɗaga hannu sai ya zame har guiwar hannu.

Tsakanin azahar da la'asar nakan zauna gefenta ina yi mata fifita. Ɗakin duhu-duhu, sai siraran layukan haske da ke shigowa ta tsagar taga suna kwanciya a bango. Gari ya yi tsit, ko kaji sun nemi inuwa. A irin wannan lokacin take magana, idonta rabi a rufe.

"Ruwa ya kawo yau, Nduk. Tafkunan duk sun haɗe sun zama ɗaya, sun shigo har tsakar gida."

"Rani muke ciki, Mak."

"Asabaraina duk suna yawo a kan ruwa, ko ɗaya bai jiƙe ba. Sai krupuk ɗin suka fara buɗewa da kansu, ba mai ba wuta. Suna buɗewa suna tashi sama, fari fat, kamar balbelu. Na ce ku dawo, ban gama juya ku ba."

Fifitar na tafiya a hannuna, kaina na yin nauyi. Wallahi akwai ranar da ni ma na ji ƙarar ruwa na dukan ginshiƙin gida, na ga hasken bango na kaɗawa irin yadda yake yi a ƙarƙashin gada. Na ji ƙamshin laka da gishirin teku a cikin ɗakin da na rufe ruf.

"Bapak ɗinki ya zo da kwale-kwale har bakin taga," ta ci gaba. Mahaifina ke nan, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. "Da malafarsa mai yagaggen baki. Bai tsufa ba ko kaɗan, ɗan rainin wayo. Ya ce in na shirya in ƙwanƙwasa, yana nan kusa yana duba tarunsa."

Na farka firgigit, fifitar ta faɗi.

"Mak, ki daina irin wannan magana."

"Ki fito min da zanen nan ruwan ƙasa na ƙasan akwati, ki shanya ya sha iska. Kada a tashi nema a ji yana warin asu, a ce Tumirah ƙazama ce."

Na san zanen. Shi aka lulluɓe mahaifina da shi kafin a yi masa wanka. Na fita bayan gida na tsuguna kusa da rijiya na yi kuka mai isata, ina toshe baki da gefen zani, don ni na kafa dokar shiru a gidan.

Da muka koma awo, Dokter Retno ta daɗe tana kallon sikeli.

"Jinin ya sauka, Mbak Warsiti. Amma ita ma tana sauka. Kilo huɗu cikin sati uku." Ta duba maƙogwaron Mak, ta sa ta haɗiyi ruwa, ta ga lafiya lau. Sai ta ja ni gefe. "Me take ci?"

Na lissafa mata, ina jiran yabo.

"Krupuk fa?"

"Ko ƙamshinsa ba ya shiga gidan."

Ta cire tabarau ta murza ido. "Mbak, cewa na yi a rage. Ƙanana biyu a rana ba za su kashe ta ba, musamman in an rage gishirin kwaɓin, an kauce wa mai. Amma in ta ci gaba a haka, yunwa za ta riga gishiri. Ki ba ta abin da ranta ke so."

Na haɗiye girman kaina, abin da ya fi ƙwayar magani ɗaci, na je wurin Bulik na roƙi guda ɗaya. Sai ta yi ta waƙa ƙasa-ƙasa tana buɗe gwangwanin, wanda ya fi zagi ciwo. Na ɗora shi a faranti kusa da shinkafa na kai ƙuryar ɗaki, na zauna ina jira in ga Mak ta washe.

Ta dube shi. Ta dube ni. Ko hannu ba ta miƙa ba. Ya zauna nan tun azahar har la'asar ta yi sanyi, sannan ta sa yatsa ta danna gefensa, ya lanƙwashe.

"Ya yi melempem," ta ce. "Kamar ni mai shi." Ta juya bango.

A nan dabarata ta ƙare. Na hana, ba ta ci ba. Na bayar, ba ta ci ba. Kashegari na fito da zanen ruwan ƙasa na shanya a igiya, don ban san me kuma zan yi mata ba.

Ranar nan da azahar na kai mata abinci na ajiye a kan kujera kusa da hannunta mai lafiya, na koma madafa. Ina cikin wanke tukunya sai na ji wani abu daga bayan gida. Ƙaras. Shiru. Ƙaras, ƙaras. Na leƙa ta kusurwa, sai ga Kasno a tsugune ƙarƙashin tagar ƙuryar ɗaki, wuri ɗaya tak da ba a hangowa daga madafa. Ya kifa malafarsa a cinya, cikinta cike da krupuk, ga ƙullin shinkafa a ganyen ayaba. Ya lumshe ido yana tauna, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir da aljanna.

Raina ya ɓaci. A ƙarƙashin tagarta! Na ce bari in fara shiga in ga ko ta ji, sannan in dawo kansa. Na taka da sanɗa zuwa ƙofar ɗakin, na ɗaga labule.

Mak na zaune. Ita ta ja jikinta ta jingina da bango, ban san ta yaya ba. Farantin na kan cinyarta, kanta a karkace, kunnen dama na fuskantar taga. Daga waje aka yi ƙaras, sai ta kai cokali baki. Ta tauna a hankali. Aka yi shiru, ta dakata, cokalin a sama. Aka sake ƙaras, ta sake kaiwa. Na tsaya riƙe da labule ina ƙirgawa a zuci, har na wuce goma sha biyar na daina. Kifin ma ta gutsura.

Can ƙarar ta tsaya. Mak ta jira, ta jira, sannan ta ɗaga murya, muryar da rabona da ji tun kafin ta faɗi.

"Kai, Kasno! Na gidan wa ka sayo wannan? Rabinsa fulawa ce, kuɗinka sun tafi a banza!"

Na ji malafa ta faɗi a waje, na ji gudu.

Na shiga na zauna a bakin gado. Ta dube ni ba kunya ba tsoro, da ƙwayar shinkafa a gefen bakinta.

"Mak, jiya na kawo miki har gado kin ƙi ci."

"Shekararki nawa a duniya, Nduk?"

"Talatin da takwas."

"A cikinsu, yaushe kika taɓa ganin na cinye krupuk guda ɗaya?"

Na tsaya tunani. Na yi ta juya teburinmu a kaina, shekara bayan shekara. Kullum ita ke buɗe gwangwani. Ta ɗauki guda ta karya a kunne, ta gutsuri gefe, ragowar ta jefa a farantina ko na Bapak. Daga nan sai ta ci shinkafarta tana kallonmu muna ta ƙaras-ƙaras. Ban taɓa lura ba, ni rabin likita.

"Mai yini a kan kasko ba ya marmarin abin da ya soya," ta ce. "Ni da kunne nake cin nawa. In na ji gida na ƙara, na san kowa na da haƙori, kowa na da lafiya, sai abinci ya wuce min." Ta ajiye cokalin. "Sau ɗaya aka taɓa ɗauke gwangwanin nan daga tebur. Kin tuna?"

Na tuna. Kwana bakwai na rasuwar Bapak. Ita da kanta ta ɗauke shi ta sa a ƙarƙashin gado, muka yi ta cin abinci shiru, sai ƙarar cokali. Ranar ta takwas ta fito da shi ta ce to, a ci gaba da rayuwa.

"Na dawo daga asibiti na tarar babu gwangwani. An kai ni ƙurya, an rufe taga, kowa na raɗa, kowa na sanɗa. Na ce to, Tumirah, likita ta faɗa wa yarinya abin da ba ta faɗa miki ba. Sun fara zaman makokinki tun kina numfashi. Sai na ga bai kamata in ja ku da nisa ba, kuna da aikin yi."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu min wuri ɗaya irin na ranar ba. Na kifa kaina a kan ƙafarta mai ciwo ina cewa ta yafe min. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ƙwanƙwashi ƙeyata da cokali.

"Ya isa. Buɗe min tagar nan. Ki kuma cire zanen can daga igiya kafin rana ta cinye shi, tsadarsa ta fi ta aurenki."

Na faɗa mata abin da likita ta ce game da mai da gishiri, a wannan karon yadda ta faɗa. Mak ta taɓe baki.

"Mai? Wa ya ce sai da mai? Shekarar da na yi wayo, mai ya fi ƙarfin talaka. Da yashin kogi uwata ke suya. Ki aiki mijinki, tunda ya iya saɓa doka, ya ɗebo baƙin yashi mai laushi, ba na bakin teku ba."

Kasno ya ɗebo buhu guda, yana ta sunkuyar da kai. Muka tankaɗe, muka wanke har ruwan ya fita fari, muka shanya. Bulik Sarmi ta shigo da gwangwanin a ka, kamar mai rakiyar amarya, ta dire shi a tsakiyar tebur.

"Likitar leda, ga majinyacinki na dawo da shi. Sai ki auna masa jini."

Sabon kwaɓi muka yi. Ni ke daka, Bulik ke murzawa, Mak na kan kujera a bakin ƙofa tana ba da umarni da hannu ɗaya. Da aka zo gishiri na ɗebo kashi ɗaya cikin uku na abin da ta saba, na tsaya ina kallonta. Ta dubi tafin hannuna ta yi tsaki, ta ce a ƙara tafarnuwa to, kada ya fito salam kamar hirar surukai. Kwana biyu yana tauri, kwana biyu yana shan rana. A kwanakin nan Kasno ya samu izinin cin na kanti a kan tebur, da sharaɗin ya sha zagi, Mak kuma tana cin rabin faranti.

Ranar suya muka fito da kujerarta tsakar gida da hantsi, ta ce a sa ta inda rana take, ita ma tana bukatar shanya. Filin ya cika da asabarin maƙwabta har bakin tafki, ƙyallin na rawa kamar yadda yake yi tun ina yarinya. Na ɗora kaskon ƙasa a murhu na zuba yashi, na yi ta juyawa har zafinsa ya fara dukan fuskata. Na tura faya-fayai biyar a ciki na rufe su da yashin. Ɗan jim sai yashin ya fara motsi da kansa, ya tsage, suka ɓullo suna miƙa suna lanƙwasa, farare da ɗigon ja. Ba su kai na mai girma ba. Na kaɗe su a rariya na kai mata guda, da farantin shinkafa da kifi.

Ta ɗauka ta juya shi a rana. Ta kai kunnen dama, ta lumshe ido. Bulik ta daina magana, Kasno ya cire malafa. Ƙaras.

"Yana son rabin yini a rana," ta ce. "Kuma kin yanka shi da kauri kamar tafin takalmi." Ta gutsuri gefe, ɗan mitsitsi, ta tauna. Ragowar ta miƙo min. "Ci."

Na karɓa. Hannuna da ya saba ya nufi kwanon romo da shi, sai na ji cokali a bayan yatsuna.

"Kul! A gabana?"

Na kai shi baki a bushe na ciza. Ƙarar ta cika min kai. Mak ta ɗebi shinkafa ta kai baki, ta tsaya tana jira.

"Da ƙarfi, Nduk. Buɗe baki, ba a Surabaya kike ba. Kunnen hagun nan ya tafi hutu, ɗaya ya rage min."

Na buɗe baki na yi ta tauna kamar akuya a gonar rogo, tana kai cokali ina ƙaras, tana kai cokali ina ƙaras. Ban san hawaye na zuba ba sai da suka gangaro ta haɓata suna ɗiga a kan na biyun da ke hannuna.

Mak ta miƙo hannunta mai lafiya ta fizge shi.

"In kuka za ki yi, matsa can," ta ce, bakinta cike da shinkafa. "Kada ki jiƙa min shi."